Lasisi a Ranar Suna

Sahadatu ta ɗora kwamfutar a kan teburin keken ɗinkin mahaifiyarta, ta tura ƙofar ɗakin da ƙafa, ta zauna ta gyara mayafi. A tsakar gida ana daka, ana jan kujerun roba, wani kuma yana hura lasifika don ya ji ko tana aiki. Tana aiki. Duk unguwar Aboabo ta shaida.

A allon kwamfutar ƙananan akwatuna suka fara bayyana, kowanne da kan mutum a ciki, har suka cika shafi suka tsallaka na biyu. Nata akwatin yana can ƙasa a gefe. Taga tana bayanta, don haka abin da ake gani kawai inuwar mace ce a cikin atamfa ruwan lemo.

Wani mutum mai tabarau ya cika allon. Ya ce sunansa Mista Boakye, shi ne mai lura da halartar wannan bita. Da Turanci ya yi magana, a hankali, kamar mai karanta hukunci.

"Kyamara a kunne daga farko har ƙarshe. Wanda ya bar kujerarsa ba shi da maki. Kada kowa ya kawo mini uzuri. Na ji na rasuwa, na ji na haihuwa, na ji na ɗauke wuta. Na gode."

Shekara bakwai ke nan Sahadatu tana aiki a wani asibiti a Kumasi. Aikinta shi ne koya wa waɗanda shanyewar ɓarin jiki ko haɗarin mota ya taɓa yadda za su koma yi wa kansu abubuwan yau da kullum: riƙe cokali, sa maɓallin riga, alwala da hannu ɗaya. A asibiti aikin yana da dogon suna na Turanci. A gida kuwa mahaifiyarta, Hajiya Habibatu, tana gaya wa ƙawayenta cewa 'yarta tana koya wa manya cin abinci, kuma gwamnati ce ke biyanta.

Lasisin aikin yana ƙarewa ne da ƙarewar shekara, kuma hukumar da ke Accra ba ta sabunta shi sai mutum ya tara makin ƙarin ilimi. Bana Sahadatu ta gaza da maki biyar. Bitar watan Yuni ta faɗo ranar addu'ar arba'in ɗin kakarta, ta Satumba kuma aka soke ta. Wannan ta yau ita ce ta ƙarshe. Shugabar sashensu ta riga ta faɗa mata, ba tare da ta ɗaga kai daga takardunta ba, cewa in babu lasisi a watan Janairu ba za ta taɓa ko yatsan majiyyaci ba, za ta zauna a teburin bakin ƙofa tana kiran sunaye.

Sai kuma Ruwaida, matar ƙanenta Fataw, ta haihu ranar Asabar da ta wuce. Babu wanda ya nemi shawarar hukumar da ke Accra. Suna ya faɗo yau.

Malamar farko ta fara bayani a kan ciwon baya da yadda ya kamata ma'aikaci ya zauna. Ba ta yi nisa ba ƙofa ta buɗe.

"Ke Sahadatu," in ji Hajiya Habibatu. "Malamai sun cika waje, kina nan kina kallon telebijin?"

"Mma, makaranta nake," in ji Sahadatu ta tsakanin haƙora, tana yi wa kyamarar murmushi.

"Makaranta da yayi a jikinki?"

Yayin dai shi ne atamfar ruwan lemon da duk matan gidan da ƙawayensu suka yanka iri ɗaya domin bikin. Sahadatu ta saka nata tun da asuba don kada a ce ba ta cikin sha'anin.

Hajiya ta matso ta sunkuya, rabin fuskarta ya shiga akwatin. Ta daɗe tana duban kawunan.

"Su wane ne waɗannan? Sun karya kuwa?"

"Mma, wasu suna Accra, wasu suna Tamale."

"Wancan na tsakiya da gani bai karya ba."

Ta fita ta bar ƙofar a buɗe. Wannan ya sa matan bikin suka gano cewa akwai ɗaki mai fanka wanda ba kowa a ciki sai mutum ɗaya. Ta farko ta shigo ta kwantar da jaririnta a kan gado. "Tunda zaune kike, Anti, ki sa mini ido." Ta biyu ba ta ma yi magana ba. Kafin malamar ta gama bayanin ƙashin baya, gadon Hajiya ya cika da jarirai da jakunkuna, kuma cajar wayoyi ta cinye duk soket ɗin ɗakin. Sahadatu tana rubutu da hannun dama, tana jijjiga gadon da ƙafar hagu. Ta lissafa cewa haka za ta iya kaiwa azahar.

Da a ce an raɗa sunan da sassafe kamar yadda aka tsara, da ta kai. Amma limamin unguwa yana da wasu sunayen a gabansa a safiyar nan, bai iso ba sai da rana ta ɗaga. Sahadatu ta ji an kashe kiɗa, ta ji muryoyin maza suna amsa addu'a, sannan sanƙira ya karɓi lasifika.

"Jama'a, a saurara! Sunan yarinya Sahadatu! Sahadatu, Allah ya raya!"

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Jarirai biyu suka farka.

Sahadatu ta ajiye biro. Fataw bai faɗa mata ba. Shekara uku da suka wuce babur ya kayar da shi a hanyar Atonsu, hannunsa na dama ya ƙi motsi, kuma shi tela ne. Ita ce ta riƙa zuwa gidan nan kullum bayan ta tashi aiki, tana sa shi tsince wake daga faranti zuwa faranti yana zaginta, har ranar da ya sake riƙe almakashi. Bai taɓa cewa ya gode ba, ita ma ba ta jira ba.

Hajiya Habibatu ta dawo, wannan karon da mata uku a bayanta.

"Fito. An yi miki takwara."

"Mma, in na tashi daga kujerar nan aikina ya tafi."

"Wanzami yana jiranki. Wa zai karɓi yarinyar daga hannunsa in ba mai sunan ba? Dangin Ruwaida sun zo tun daga Kwadaso, motoci biyu. Kina so su koma su ce an ba ki suna kin ƙi fitowa?"

"Bayan azahar zan fito, wallahi."

"Bayan azahar ai an watse. Har ki mutu a Zango za a riƙa cewa ga wadda aka yi wa takwara ta zauna tana kallon Turawa."

"Ba Turawa ba ne, Mma."

"Balle ma."

A nan ne Barkisu ta kutso ta tsakanin matan ta zo cire wayarta daga caji. Barkisu 'yar kawun Sahadatu ce, taubashiyarta, kuma tun suna yara ba su taɓa yin magana ba tare da tsokana ba. Tana sayar da mayafai da atamfofi a kasuwar Kejetia. Ta dubi allon, ta dubi Sahadatu, ta dubi kanta. Atamfa ɗaya, tela ɗaya, mayafi ɗaya, domin ita ce ma ta sayar wa kowa.

"Dokta, me ake so? Zama kawai?"

"Zama kawai."

"To tashi. Ni zama ne sana'ata."

Sahadatu ta san dokar aikinta sarai, kuma ta san wannan ba ya ciki. Ta dubi akwatinta a allon, inuwa ce ruwan lemo wadda ko ita kanta ba za ta rantse ita ce ba. A waje mai ganga ya fara kiran sunanta.

"Kada ki taɓa komai," in ji ta. "Kada ki yi magana. In kin ga suna gyaɗa kai, ki gyaɗa. Yanzu zan dawo."

"Je ki, Dokta. Ba na jin rabin Turancinsu ma, me zan ce?"

Sahadatu ta yar da bironta da gangan, ta sunkuya kamar za ta ɗauka, ta sulale ƙasa. Barkisu ta taso a gurbinta tana gyara mayafi.

Ba waje aka kai ta ba. Hajiya ta ja ta zuwa ɗaya ɗakin, ta buɗe akwati ta fito da farin leshi wanda aka ɗinka a ɓoye tun ranar Laraba.

"Mai suna ba ta fita kamar kowa. Cire wannan."

"Mma, ba lokaci."

"Basma, zo ki gyara mata fuska. Dubi yadda take kamar wadda ta kwana a asibiti."

Basma mai kwalliya ta zo da jakarta. Ta shafa, ta zana gira, ta manna gashin ido, ta ɗaura kallabi mai tsayi wanda sai da Sahadatu ta rusuna kafin ta wuce ƙofa. Da ta fito, tsakar gidan ta ɗauki guɗa. Wanzami ya miƙo mata jaririyar, kanta a aske tas, tana ƙanshin turare. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Fataw yana tsaye daga gefe cikin farar shadda, ya ɗaga mata hannun damansa ya murza yatsunsa a iska, sannan ya kau da kai.

"Ɗan banza," in ji Sahadatu a hankali. "Ka rasa ranar da za ka yi mini wannan sai yau."

"Yaya, ni na zaɓi ranar haihuwa?"

Aka yi hoto da ita da jaririya. Aka yi da ita da Ruwaida. Aka yi da dangin Kwadaso, sannan aka sake domin wata gwaggo tana alwala lokacin na farko. Mata suka yi ta manna mata takardun kuɗi na sidi a goshi suna zubowa a kan leshin. Duk lokacin da ta juya za ta nufi ɗakin, sai wata tsohuwa ta iso, sai ta durƙusa an gaisa, an tambayi aiki, an tambayi gajiya, an nuna mata gwiwar da ke ciwo. Wata Hajiya ta ɗage zani har cinya a gaban jama'a don Dokta ta taɓa ta ji da hannunta.

Rana ta kusa tsakiya lokacin da ta samu ta miƙa jaririyar ta tsere.

Ɗakin ya canza. An juya teburin keken ya fuskanci taga. Barkisu tana zaune ta miƙe baya, haske ya sauka a fuskarta, faranti na shinkafa da wake yana kan cinyarta inda kyamara ba ta kaiwa.

"Me kika yi wa teburin?" in ji Sahadatu daga bakin ƙofa.

"Ke ma dai. Mutum ya zauna ya ba haske baya? Ko mayafi ba na ɗauka hoto a haka. Kuma idon abin nan duk maiƙo, sai da na goge shi." Ta yi maganar leɓɓanta ba sa motsi. Ta koyi wannan da wuri.

"Ba ki dai yi magana ba."

Barkisu ta kai loma.

"Barkisu."

"Shi ya fara. Mai tabaran ya ce Madam Sahadatu, tun ɗazu kina gyaɗa kai, ko kina da abin faɗa. Mutum ya kira ka da suna ka yi masa shiru? Ni ba a yi mini irin wannan tarbiyyar ba. Sai na yi masa da yaren Twi. Na ce ni bayana ke ciwo, nan ƙasa, in na daɗe a zaune. Wallahi mutanen kirki ne, Dokta. Kowa ya sa baki. Sun ce in canza kujera, in riƙa tashi ina miƙa. Ke shekara nawa ina faɗa miki kina ce mini in rage tuwo?"

"Tashi."

"Wata a Tamale ma tana son mayafin."

"Tashi, Barkisu."

Barkisu ta sunkuya da farantinta ta sulale, ta fice wajen kiɗa. Sahadatu ta taso a gurbin, kallabinta ya cika rabin akwatin. Ta ɗauki biro. Malami na ƙarshe yana taƙaita bayaninsa, bayansa sai gajeriyar jarrabawa, shi ke nan.

"Dakata, malam, yi haƙuri." Muryar Mista Boakye ce. Akwatin Sahadatu ya girma ya cika allon, da leshin, da girar, da gashin idon. "Madam mai fararen kaya. Wace ce ke?"

Ta buɗe makirufo. "Ni ce Sahadatu Sumana, ranka ya daɗe."

"A'a."

"Ni ce."

"Madam, na san Madam Sahadatu. Mun yi magana da ita ɗazu. Tana da ciwon baya." Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Mun saba ganin wannan. Mutum ya tafi cin abinci ya zaunar da 'yar'uwarsa, yana zaton ba mu da ido. Ni aikina ke nan. Ba fuskar da ke wuce ni."

Kawuna fiye da ɗari suka matso kusa da kyamarorinsu.

Katin aikinta yana cikin jakarta a kan gado, ƙarƙashin ƙafar wani jariri. Hannu kawai za ta miƙa. Hotonta ne a jiki, da sunanta, da hatimin asibiti. In ta ɗaga shi, Mista Boakye zai yarda ita ce Sahadatu, kuma a take zai tambayi wace ce mai ciwon bayan da ta zauna rabin safiya da sunanta. Daga nan maganar ta wuce ta maki biyar, ta zama ta wasiƙa zuwa Accra.

Ta fara miƙa hannu, sai ta dawo da shi.

"Ta zaga ne, ranka ya daɗe," in ji ta. "Bayan nata ne ya motsa."

Fuskar Mista Boakye ta ɗan saki. "Da sai ta faɗa mini. Saboda lalurarta zan ɗaga mata ƙafa sau ɗaya. Amma in aka fara jarrabawa ba ta kan kujerar nan, na soke sunanta. Ke kuma, madam, ki ji kunya. Da girmanki da kwalliyarki."

Sahadatu ta ce ta gode. Ta tattare leshinta ta fita da gudu.

Ta samu Barkisu a tsakiyar fili, mai ganga yana binta a baya, ba alamar ciwo a ko'ina. Ta kamo mayafinta.

"Zo ki koma."

"Ina?"

"Kujerar. Ya ce ba ni ba ce."

Barkisu ta tsaya cak. Sannan ta yi dariya har ta dafa kafaɗar mai ganga.

"Ya kore ki?"

"Za a fara jarrabawa. Don Allah."

"Ce mini Dokta."

"Barkisu, don girman Allah."

"Ni ba na jin Barkisu. Likitoci sun fi ɗari suna ce mini madam tun safe."

"Dokta," in ji Sahadatu. "Dokta Barkisu, ki taimaka."

"Yauwa. Riƙe mini jaka."

Da Barkisu ta zauna, Mista Boakye ya yi murmushinsa na farko a ranar.

"Barka da dawowa, Madam Sahadatu. Yaya bayan?"

"Da sauƙi," in ji Barkisu da Twi, tana dafa ƙugu.

"Ki yi wa ƙanwarki faɗa."

"Ba ta jin magana, ranka ya daɗe. Tun tana ƙarama."

Tambayoyin suka fito a allon. Sahadatu ta cire kallabin don kada ya leƙo, ta durƙusa a gefen teburin, gwiwa ɗaya a kan takalmin wani, ɗaya a jikin ƙarfen keken. Ta karkata wuya tana karanta allon daga ƙasa, ta miƙa hannuwanta sama a kan maɓallan. Barkisu ta ɗora nata hannuwan a cinya, ta haɗe gira, tana motsa leɓe kamar mai zurfin tunani. Tambayar farko a kan yadda wuya da kafaɗa ya kamata su kasance ne ga mai aiki da kwamfuta. Sahadatu ta san amsar. Ta san sauran ma, har da na darussan da ba ta ji ba, domin abin da take yi ke nan kullum. Ta danna na ƙarshe, allon ya nuna ta ci.

Ta fara jan ƙafarta da ta mutu, sai Mista Boakye ya sake magana.

"Kada kowa ya tashi. Sai an rufe da addu'a zan rubuta sunayen waɗanda suka kammala. Tunda ɗan'uwa Kirista ne ya buɗe mana, 'yar'uwa Musulma za ta rufe. Madam Sahadatu, bismillah."

Sahadatu ta kama ƙafar Barkisu ta matse. "Fatiha kawai," ta raɗa. "Fatiha kawai ki shafa."

Barkisu ta zare ƙafarta, ta gyara mayafi, ta ɗaga hannuwa. Ta yi salati. Ta roƙa wa malaman bita lafiya, ɗaya bayan ɗaya, da iyayensu. Ta roƙa wa Mista Boakye ƙarin girma da hasken ido. Ta shiga masu ciwon baya na Kumasi, ta wuce na Tamale, ta dawo kan jaririyar da aka raɗa wa suna, da uwarta, da dangin uwarta da suka zo tun daga Kwadaso. Da Hausa ta gaji sai ta koma Twi don kowa ya samu. Matan da suka shigo ɗaukar jariransu suka tsaya a bakin ƙofa suka ɗaga hannu su ma. A allon, kawuna fiye da ɗari sun sunkuya.

"Allah ka buɗa mana kasuwa," in ji Barkisu, tana ɗaukar sabon numfashi. "Allah ka kawo masu saye da hannu, ka nisanta mu da masu taɓawa su ajiye."

A gefen teburin, Sahadatu ta jingina goshinta da ƙarfen keken. Ba ta jin ƙafafunta duka biyu.

"Amin," in ji ta.